Ni da kekena a cikin sanyin Jos

Jiya da safe ina fito da keke daga zaure, wajen ƙarfe shida da rabi, maƙwabcina yana tsugune gaban wuta da yaransa biyu suna jin ɗumi, ya ɗago kai ya ce min "Malam, a wannan muku-mukun ma keken zaka hau? Kai baka tausayin ƙirjinka ne?" Wannan tambayar tun shigowar Disamba an yi min ita ya fi sau goma, har Hajiyarmu in ta kira waya kafin ta tambayi jikokinta sai ta fara da "kana nan kana hawa abin nan da asuba ko?" Shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na sani, saboda nasan akwai mutane da yawa a garin nan da suka sayi keke sannan da sanyi ya shigo suka jingine shi a bayan ɗaki suka koma biyan kuɗin mota.

Kafin nan bari in raba gardama, in na ce keke ina nufin keke mai ƙafa biyu da ake tuƙawa da feda, tunda a Jos yanzu kana cewa keke sai hankalin mutum ya tafi kan napep.

Ni na fara hawa ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ina zaune ta wajen Rikkos, wurin aikina kuma yana Bukuru, wajen kilomita 15 kenan tafiya ɗaya, da na zauna na lissafa abin da kuɗin mota ke ci a wata sai na ga albashin ba zai ɗauka ba, na je na samo keke na hannu mai giya na fara. Damina ta wahalar da ni amma ruwa dai ana fakewa ya wuce. Hunturu ne ya zo min da abin da ban shirya masa ba.

Wanda bai taɓa kwana a Jos a watan Janairu ba zai ga kamar muna zuzuta abin ne. Garin nan yana bisa tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma duk hawan mita 1,000 iska na ƙara sanyi da wajen digiri 6, shi ya sa zaka baro Abuja kana fifita da hularka ka hawo ta Hawan Kibo kana laluben rigar sanyi a jaka. Da daddare zuwa asuba a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 12, wasu ranakun har ƙasa da 10, sannan da rana ya haura 25. To kai mai keke duka biyun zaka sha a rana ɗaya. Ga kuma iskar da kai kanka kake yankawa, sanyin da mai tafiya a ƙasa ke ji daban da wanda zaka ji kana gangarowa da gudu, yana shiga ta wuyan riga da hannun riga, kunnuwa su yi kamar ana yanka su da reza.

Na shiga YouTube neman shawara lokacin, duk abin da na samu na ƙasashen ƙanƙara ne, mutanen wani gari Oulu a Finlan da yara ke zuwa makaranta kan keke a cikin dusar ƙanƙara da taya mai ƙusoshi. Abin ya burge ni wallahi, amma ba matsalarmu ba ce. Mu namu sanyin busasshe ne, kuma tafe yake da ƙura da hazo. Iskar daga arewa maso gabas take busowa ta ratso Sahara, yawancin ƙurar ma daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi da ake kira Bodele, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Ita ce wannan farar hodar da kake gani a kan gira da gashin baki in ka isa inda zaka.

Kuskuren da na fara yi shi ne na kowa. Na je Katako na sayo wata jibgegiyar jaket ta gwanjo mai soso a ciki, na saka ta kan rigar auduga da singileti. Minti goma na farko daɗi, kafin in kai gadar sama ta Sakateriya na fara gumi, ina isa Bukuru singileti da riga sun jiƙe sharkaf. Na cire jaket na zauna a shago da jiƙaƙƙiyar riga a jiki, shagon kuma rana bata shigarsa sai wajen sha ɗaya, nan fa jikina ya ɗauki ɓari har haƙora na haɗuwa. Sati ɗaya na yi ina haka kafin na kwanta da mura da ciwon ƙirji, kowa ya ce ai sanyin hanya ne, amma ni nasan a hanya ban ji sanyi ba, a shago na ji shi. Auduga in ta sha gumi bata sakinsa, tana manne a fata tana zuƙe ɗumin jiki.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma tun da na koma haka ban sake wannan ɓarin ba. A jikin fata ina saka rigar ƙwallo, irin jesin nan ta roba-roba, ita gumi baya zama a jikinta, tana saurin bushewa. A kanta suwaita mara kauri. A waje kuma wata siririyar jaket mai zif wadda iska bata ratsa ta. Guda uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba, saboda zaka iya ragewa a hanya, in na fara hawan tudu na ji ɗumi na taso min sai in zuge zif ɗin zuwa ƙirji, in zan gangara in mayar. Kuma da gangan nake fita ina ɗan jin sanyi. In ka fito ƙofar gida kana jin ɗumi sosai to ka saka kaya da yawa, nan da minti goma zaka fara jiƙewa. Sannan a jaka kullum akwai busasshiyar riga da nake canzawa da zarar na isa, wannan kam ko da me zan manta bana manta ta. Duk kayan nan a gwanjo na haɗa su, babu wanda na saya a shagon kayan wasanni.

Hannu kuwa maganar ta wuce jin daɗi. Yatsu in suka sandare basa matse birki yadda ya kamata, zaka ga abu a gabanka ka kai hannu amma ƙarfin matsewar babu. Safar hannu dole ce, mai rufe yatsu gaba ɗaya, kuma ka gwada ta a kan birki kafin ka biya kuɗi, don akwai masu santsi akwai kuma masu kaurin da ba zaka ji ƙarfen a hannunka ba. Ƙafa safa biyu da takalmi rufaffe, silifas a wannan lokacin neman faso ne kawai. Kunne kuma ina saka siririyar hular sanyi a ƙarƙashin hular kwano, ina sassauta igiyar kaɗan ta zauna daidai. Ina ganin mutane sun ajiye hular kwano sun saka ƙatuwar hular sanyi ita kaɗai, ɗan'uwa hular ulu bata tare kwalta.

Wani abu da nake roƙon mutane don Allah, duk abin da ke reto a jiki a tattare shi. Doguwar jallabiya, bakin wando mai faɗi, rawani ko mayafin da aka naɗa a wuya aka bar jelarsa na lilo a baya. In ya shiga cen ko ya naɗe a taya kafin ka ankara ya fizge ka. Ni ƙafar wandon dama a cikin safa nake cusa ta, wuya kuma wani zagayayyen ƙyalle nake sakawa mara jela wanda nake iya jawowa ya rufe hanci.

Sai maganar ƙura a ƙirji, wadda ita ce abin da Hajiya ke tsoro kuma tana da gaskiya. Mai keke yana shaƙar iska fiye da na cikin mota saboda yana aiki. Takunkumin yadi yana rage manyan ƙura amma ƙananan suna wucewa, takunkumin N95 irin na asibiti ya fi kamawa sai dai a hawan tudu numfashi na yin nauyi da shi, ni dai ina saka shi ranar da hazo ya yi yawa in rage gudu. Ina ƙoƙarin shaƙa ta hanci ba ta baki ba don hanci yana ɗumama iskar yana tace ta, in na ga sai na buɗe baki nake iya numfashi to na san na matsa wa kaina da yawa, sai in sauke giya. Basilin ko man kaɗanya a leɓe da bayan hannu da gefen hanci kafin fita, yana hana tsagewa. Ido kuma tabarau fari, ba baƙi ba, da safe baƙin gilashi ƙara maka duhu zai yi. Mai asma ko wani ciwon ƙirji shi kam ya fara ganin likita, kuma kar ya fita ba abin shaƙarsa a aljihu. Akwai ranakun da nake leƙowa in ga duwatsun Shere sun ɓace gaba ɗaya, rana ta fito kamar farin faranti kana kallonta ido da ido, irin wannan ranar keke a gida yake kwana in nemi mota, kuɗin motar rana ɗaya bai kai kuɗin magani ba.

Amma abin da ya fi komai tsaya min a rai, wanda saboda shi ma na zauna rubutun nan, shi ne direbobi basa ganinmu. Ba wai suna gani su share ba, a'a, basa gani.

Wata safiya a Janairun farko da na yi da keke, ta wajen Zarmaganda, hazo ya sauko sosai, ina sanye da waccan baƙar jaket ɗin ina bin gefen titi, sai wata bas ta zo ta bayana zata tsaya ɗaukar fasinja, madubinta ya daki gwiwar hannuna na tafi cikin yashin gefen hanya na faɗi. Allah ya tsare, ƙujewa ce kawai a hannu da gwiwa. Na tashi raina a ɓace, direban ya fito dattijo ne ma, yana ta salati yana cewa "wallahi ɗana ban ganka ba, wallahi ban ganka ba." A lokacin ban yarda ba. Sai da na tsaya ina kakkaɓe jiki na ga wani mai keke ya wuce mu ɗauke da buhu a kariya, shi ma baƙaƙen kaya, na bi shi da ido, bai wuce falwaya uku ko huɗu ba ya narke cikin hazon nan kamar ba a taɓa yinsa ba. Jikina ya yi sanyi. Ga gilashin motar dattijon ya yi futu-futu da ƙura, ga raɓar numfashin fasinja ta ciki, ta ina zai hango ni?

Ranar ban koma gida ba sai da na sayi fitila biyu masu caji, fara a gaba ja a baya mai ƙyaftawa, da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ruwan ɗorawa mai ratsin azurfa. Wasu na yi min dariya wai na zama ma'aikacin hanya, ban damu ba. Fitilar nan ina kunna ta ko gari ya waye, don a watan Janairu rana bata fitowa sai wajen bakwai saura kwata, kuma ko ta fito hazo baya barin haskenta ya yi ƙarfi sai can. Ka tuna kuma batir yana saurin mutuwa cikin sanyi, ga halin wutarmu, ni a wurin aiki nake cajin nawa kullum. Na liƙa tef mai ƙyalli a madigadin baya da feda, saboda abin da ke motsi sama da ƙasa ido ya fi saurin kama shi. Kuma na daina maƙalewa can bakin kwalta, wurin da yashi ke taruwa. Ina ɗan shigowa kaɗan inda direba zai ganni a gabansa, in zan kauce wa rami ko napep da ta tsaya sai na waiga na miƙa hannu tukuna. Manyan motoci kuwa, musamman masu kayan gwari da dankali da ke nufar Farin Gada da sassafe da tirelolin hanyar Zariya, bana shiga gefensu ko kaɗan, in bar su su wuce in bi baya da tazara don ƙurar da suke tayarwa ma kaɗai ta isa ta rufe ka.

Yashin nan na gefen titi a kula da shi. Da rani iska na tara shi a kwana da bakin shataletale, in ka shiga da gudu ka matse birkin gaba, tayar zata zame ne kawai. Ka rage gudu tun kafin ka shiga, in ka riga ka shiga ka riƙe kan keken sak kar ka karkata shi, ka bar shi ya wuce, in dole ne ka taɓa birkin baya a hankali.

Keken shi ma yana jin hunturu. Akwai wani Baba mai gyara da nake zuwa wurinsa, tun zamanin Raleigh da Phoenix yake sana'ar. Ranar da na fara kai masa keken yana ƙara ƙiiƙii, ya shafa cen ɗin da yatsa ya nuna min, baƙi ƙirin kamar kwalli, ya ce "ɗana wa ya ce ka zuba baƙin mai?" Na ce Baba ai gani na yi ya bushe. Ya ce in murza abin tsakanin yatsuna, na murza na ji gara-gara. Ya ce to wannan mai ne ya haɗu da ƙura ya zama dutsen wasa wuƙa, shi ke cinye cen da haƙoran giya. Ya wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya bari ya bushe, ya ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya-ɗaya a kowace gaɓa, sannan ya sa tsumma ya goge na waje tas har kamar bai saka ba. Ya ce man a ciki ake buƙatarsa, na waje ƙura kawai yake kira. Tun daga nan duk ranar Asabar haka nake yi, kullum da yamma kuma in sa busasshen tsumma in share cen ɗin, minti biyu ne.

Shi ya nuna min robar birki ma, yadda ƙananan tsakuwa ke nutsewa a cikinta suna kankare rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, in ka ji birki na wani kuka kamar ana goga ƙarfe to ka cire ka tsince su da tsinke. Taya kuma da sassafe takan yi ɗan laushi don iska na tsukewa cikin sanyi, ina matsa ta da babban yatsa kafin in fita, kuma ina duba gefenta saboda bushewar nan na tsattsaga tsohuwar roba. Famfo ƙarami da kayan faci suna cikin jaka, da ƙarfe shida da rabi na safiyar hunturu ba mai facin da ya buɗe.

Ruwa. Wannan an fi mantawa da shi saboda sanyi na ɓoye ƙishi, alhali busasshiyar iskar nan tana kwashe ruwan jiki ta numfashi ba tare da ka sani ba, sai dai ka ji ciwon kai da rana ka rasa dalili. Ina cika gora da ruwa mai ɗumi in sha a hanya ko ban ji ƙishi ba. Kuma bana fita da cikin wofi, koko da ƙosai ko kunun gyaɗa in maman yara ta dama, in ba haka ba in tsaya wurin mai shayi. Minti biyar na farko a hankali nake tuƙawa da giya mai sauƙi har gwiwoyi su saki.

Dawowa ta fi tafiya wuya, wannan duk mai zuwa Bukuru daga cikin gari zai gaya maka. Bukuru tana kudu, iskar kuma daga arewa maso gabas take, to da safe tana bayanka tana tura ka, a dawowa kuwa a fuska zaka same ta, ga gajiyar aiki. Ina ƙara wa kaina minti goma sha biyar a lissafi in sauke giya in daina kokawa da ita. Ina kuma ƙoƙarin barin shago ƙarfe biyar, saboda rana na faɗuwa wajen shida da minti ashirin kuma tana faɗuwa sanyi ke dawowa lokaci ɗaya, fitilun motoci su haɗu da ƙura da hayaƙin ƙona ciyawa da shara ka daina gane komai a gabanka. Suwaitar da na cire da rana tana saman jaka inda hannu zai kai da sauri.

Abin da ke damuna har yanzu yaran makaranta ne. Ina haɗuwa da su kullum da safe ta Bauchi Road da cikin unguwa, yaro ɗan shekara sha biyu kan keken da ya fi shi tsayi, ya goyo ƙaninsa, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a cikin aljihu saboda sanyi, suwaita mai duhu, babu fitila babu ko ɗan abin ƙyalli a baya, birkin ma wani da ƙafa yake tsayawa. Iyaye don Allah, safar hannu ta gwanjo da tef mai ƙyalli da za a liƙa a jakar makaranta ba wani kuɗi ba ne, kuma ku riƙa matsa birkin keken da hannunku kuna ji. Na yaron maƙwabcina ni na ɗaure masa wayar birki satin da ya wuce, ta kusa tsinkewa saura silli biyu.

Duk da wannan dogon bayanin, lokacin hunturu ne na fi son hawa keke a shekara. Babu ruwan sama da zai tare ka, babu taɓo, in kayan jikinka sun yi daidai zaka isa wurin aiki jikinka a sake da ɗumi alhali waɗanda suka sauko daga mota suna ƙanƙame da hannuwa. Ranar Lahadi da iska ta lafa nakan bi hanyar Lamingo wajen ƙarfe tara, rana ta ɗan yi ɗumi, duwatsu sun fito, ciyawa ta bushe ta yi ruwan zinariya, wallahi ji nake kamar kar in juyo.

Shi maƙwabcin nawa da ya yi min tambayar jiya yana da keke, tun Nuwamba yake jingine a bayan ɗakinsa taya ta sace. Da yamma da na dawo ya tare ni a ƙofa yana juya safar hannuna yana tambayar nawa na saya. Mun yi da shi ranar Asabar in Allah ya kai mu zamu fara biyawa wurin Baba a duba masa cen da birki, daga nan mu wuce Katako.